Bogue ya ce 60, XRD ta ce 67: wanne ne gaskiyar kilinkar siminti?

"Assalamu alaikum Injiniya, da fatan an wuni lafiya. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen kemistiri, furojet ɗina a kan kilinkar siminti ne. Na samo kilinkar ta hannun wani yayana da ke aiki a kamfanin siminti, na kai aka yi min XRF, aka ba ni CaO 66.0, SiO2 21.5, Al2O3 5.2, Fe2O3 3.3, sannan firi-laim 1.2. Da na yi lissafin Bogue sai na samu alait kusan kashi 60.7, belait kusan 16. Bayan sati uku na kai ragowar garin wani lab aka yi XRD, su kuma suka ce alait 67 ne belait 11. Sufabaiza ɗina ya ce in koma a sake domin ɗaya daga ciki kuskure ne, ni kuma kuɗina sun ƙare. Don Allah wanne ne daidai, kuma wace hanya ce ta gaskiya ta auna ma'adanan da ke cikin kilinka?"

Wa alaikumus salam ƙanina. In na fahimce ka tambaya biyu ce ka haɗa wuri guda, ta farko me ya sa kilinka ɗaya ta ba da amsa biyu, ta biyu kuma in mutum yana son ya san ainihin abin da ke cikinta wace ƙofa zai bi. Toh bari in fara kwantar maka da hankali, ba lallai ne wani lab ya cuce ka ba, kuma ba lallai ne ka sake kashe ko sisi ba. Tazarar kashi 5 ko 6 tsakanin Bogue da XRD a kan alait abu ne da duk wanda ya zauna a lab ɗin kamfanin siminti ya saba gani, kuma kusan kullum ta wannan ɓangaren take karkata, wato Bogue ya ba da alait ƙasa ya ba da belait sama. Ni da ace ka ce min sun zo daidai cif-cif da na fi yin zargi wallahi.

Dalilin a taƙaice shi ne XRD awo ne da na'ura ke yi wa ma'adanan kai tsaye, Bogue kuma lissafi ne da ake yi daga lambobin sinadaran da na'urar XRF ta bayar. Amma sai mun ɗan koma baya kafin maganar ta zauna.

Me ke cikin kilinkar tukuna

Ka san yadda ake yinta, dutsen farar ƙasa ne ake niƙawa da yumɓu, a ƙara ɗan marmara ko wani abu mai ƙarfe, wani lokaci da yashi, a tura garin cikin doguwar tanderu mai juyawa har zafi ya kai wajen digiri 1450, wani sashe ya narke ya haɗa sauran, sai su fito a dunƙule baƙi-baƙi, wasu kamar gyaɗa wasu kamar ƙwan zabo. Ita ce ake niƙawa da jifsam ɗan kaɗan ta zama simintin da ke buhu. A cikin waccan wutar abubuwan da ka zuba ba sa fitowa yadda suka shiga, sababbin ma'adanai ne ke haɗuwa, manya guda huɗu. Alait, wanda muke rubutawa C3S, shi ne babba, yawanci kashi 50 zuwa 70, kuma shi ke ba da ƙarfin farko-farko har zuwa kwana 28. Belait, C2S, shi mai nawa ne, a hankali yake kamawa amma yana ƙara ƙarfi daga baya. Aluminet, C3A, shi ne mai zafin rai, da ya ga ruwa zai kama nan take, don shi ake sa jifsam ya riƙe masa linzami, kuma shi ne gishirin salfet ke kai wa hari in kankare na zaune cikin ƙasa ko ruwa mai salfet. Sai ferait, C4AF, wanda shi ne ya ba siminti wannan launin toka-tokan. Bayan su akwai ƙanana da ba a raina su, firi-laim wato CaO ɗin da bai samu abokin haɗuwa ba, da ferikilas wato MgO da ya ware kansa, da gishirin salfet na sodiyam da fotasiyam.

Sunayen alait da belait wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Törnebohm ne ya raɗa su a 1897, da madubin ƙara girma ya gan su, kafin shi ma Le Chatelier na Faransa ya riga ya leƙa kilinka da madubi. Kaga kenan ido ne ya fara ganin waɗannan abubuwan, lissafi daga baya ya zo.

Bogue rabon gado ne, ba awo ba

Na'urar XRF ba ta ganin alait ko belait, ko kusa. Abin da take gani shi ne yawan kalsiyam, silikon, alminiyam, ƙarfe da sauransu, sai ta ba ka su a matsayin oksaid. Kamar a ce maka a gidan nan an yi amfani da gero tiya biyu da sukari kaza da nono kaza, wannan bai gaya maka nawa aka yi fura nawa aka yi kunu nawa aka tuƙa tuwo ba. Sai ka yi hasashe bisa yadda ka san ana girki a gidan.

Wannan hasashen shi ne abin da Robert Bogue, wani masanin kemistiri a Amurka, ya tsara a 1929. Ni yadda nake koya wa sababbin yara a lab shi ne in ce su ɗauke shi kamar rabon gado. Ferait ne ke fara ɗaukar rabonsa, ya kwashe ƙarfen duka, wato Fe2O3, da ɗan alumina, wato Al2O3, da laim, wato CaO, ɗin da ya dace da shi, shi ya sa C4AF kawai 3.043 ne sau Fe2O3, naka ya ba da 10.0. Aluminet ya zo ya kwashe sauran alumina, 2.650 sau Al2O3 a cire 1.692 sau Fe2O3, naka 8.2. Abin da ya rage na laim da silika, wato SiO2, sai alait da belait su raba tsakaninsu kamar asaba. Alait shi ne 4.071 sau CaO, a cire 7.600 sau SiO2, a cire 6.718 sau Al2O3, a cire 1.430 sau Fe2O3, kuma na duba naka na ga ka cire firi-laim daga CaO kafin ka fara, wato ka yi aiki da 64.8 ba 66.0 ba, madalla, da yawa nan suke faɗuwa. Da ka manta da wannan 1.2 ɗin da alait ɗinka ya tashi zuwa 65.6, ka zo kana murna ya yi kusa da XRD alhali kuskure ne ya kai ka. Belait kuma 2.867 sau SiO2 a cire 0.7544 sau alait ɗin da ka samu, 15.8. Lissafinka dai daidai ne.

Amma dubi waɗannan lambobin da ake ninkawa da su. Silika ana ninka ta da 7.6, ma'ana in XRF ɗin ta kauce da 0.3 kacal a kan silika, ta ce 21.8 maimakon 21.5, alait ya sauka da sama da kashi 2 ba tare da komai ya canza a kilinkar ba. In laim ma ya kauce da 0.3 ta ɗaya gefen an kai 3.5. Kuma 0.3 ba wani abin mamaki ba ne in garin kawai aka danne aka yi ƙwaya da shi, maimakon a narkar da shi da lithiyam boret a yi gilashi, wanda shi ne ya fi inganci. Wanda ya zo ƙarshe a rabo duk kuskuren da aka yi a sama a kansa yake sauka.

Wannan ma ƙaramar matsalar ce. Babbar ita ce Bogue ya ɗauka ma'adanan nan tsarkakakku ne kamar yadda aka rubuta su a allo, kuma ya ɗauka komai ya gama haɗuwa a natse sannan ya huce a natse. A tanderu ba haka ake yi ba. Alait na gaskiya yana haɗiye magniziya da alumina da ƙarfe a jikinsa, wajen kashi 3 zuwa 4 na nauyinsa baƙi ne, don haka laim ɗin da yake buƙata bai kai na tsarkakakken C3S ba, shi tsarkakakken kashi 73.7 ne CaO, na cikin kilinka kuwa bai cika wuce 72 ba. Kaga laim ɗin da Bogue ke ganin zai isa alait 60 a zahiri ya isa fiye da haka. Aluminet da ferait su ma suna ɗauke da silika da magniziya, ferait ɗin ma ba lallai ne ya zama C4AF cif ba, gwargwadon alumina da ƙarfen jikinsa yana motsi. Ga kuma sanyaya kilinka da ake yi da sauri da iska, wanda ke daskarar da abubuwa kafin su kai inda lissafin ya ɗauka za su kai. Shi ya sa Taylor, wani masanin kemistirin siminti na Birtaniya, ya kawo gyararren lissafi a 1989 da ke amfani da ainihin sinadaran ma'adanan maimakon na allo, kuma yakan fi kusa da abin da madubi da XRD ke nunawa.

To me ya sa har yau ba a yar da Bogue ba? Saboda araha da sauri, kuma saboda an gina ƙa'idoji a kansa. Ƙa'idar ASTM C150 ta Amurka in ta ce siminti nau'i na 5 mai jure salfet kar C3A ya wuce kashi 5, na 2 kar ya wuce 8, da lissafin Bogue take nufi. A wajen mai kula da tanderu kuma, ko da lambar ba ita ce gaskiya ba, in ta hau ko ta sauka daga jiya zuwa yau tana gaya masa wani abu. Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai, kar ka taɓa ɗaukar simintin buhu na kasuwa ka yi masa Bogue. Yawancin wanda ake sayarwa a Najeriya an niƙa shi da dutsen farar ƙasa a ciki, laim ɗin wannan dutsen XRF za ta ƙirga shi, lissafin kuma ya mai da shi alait na ƙarya, har ka ga wani ya samu alait 80 belait ƙasa da sifili ya rubuta a furojet ba ko kunya.

Madubi

Ni nan ne zuciyata take, ba zan ɓoye ba. Ana ɗaukar kilinka a farfasa ta zuwa ƙananan tsakuwa na milimita 2 zuwa 4, a zuba a ɗan kofi a cika da gam ɗin efoksi, in akwai famfon zuƙe iska a sa don gam ɗin ya shiga ramuka, in ya bushe a yanka a goge fuskar har ta yi sheƙi kamar madubi. Ba a sa ruwa ko ɗigo, da alkohol ko wani mai ake gogewa. Farkon zuwana aiki na ɗauki samfur ɗin da na wuni ina gogewa na kai bakin famfo na ɗauraye saboda na ga ya yi dauɗa, da na sa a ƙarƙashin madubi sai na ga fuskar ta yi dusu-dusu kamar an shafa mata toka, firi-laim da aluminet duk ruwa ya cinye su. Dattijon da ke koya min bai ce komai ba, sabon kofi kawai ya miƙo min.

In fuskar ta yi kyau sai a ɗan taɓa ta da naital, wato asid ɗin naitirik kaɗan a cikin alkohol, na 'yan daƙiƙu. Sai ka ga abu ya fito da launi. Alait ga shi nan mai kusurwa-kusurwa, sau da yawa gefe shida, belait kuma zagaye yake kamar ƙwayar dawa da zane-zane a jikinsa suna gittawa juna, a tsakaninsu kuma ferait yana haske fari tas, aluminet ya fi shi duhu. Daga nan sai ƙirga. Akwai layukan raga a idon madubin, duk inda layi biyu suka gitta ka duba me ke ƙarƙashi ka danna maɓallinsa, ka matsa gaba, haka har ɗigo dubu 3 ko fiye, ƙa'idar ASTM C1356 kenan. Me ya sa da yawa haka? Lissafi ne kawai, in alait kusan kashi 60 ne, ɗigo 3000 zai bar maka rashin tabbas na wajen kashi 2 sama ko ƙasa, in kuma ɗigo 300 ka yi ka gaji to ya haura 5, ka ga ba ka fi Bogue da komai ba. Sannan abin da ka ƙirga fili ne ba nauyi ba, sai ka juya shi da nauyin kowanne, wato sau nawa ya fi ruwa nauyi, alait wajen 3.15, belait wajen 3.3, ferait sama da 3.5. Aiki ne na wuni guda da ciwon wuya, kuma in kilinkar ta huce da sauri sosai aluminet da ferait sukan cakuɗe su yi ƙanana har ido ya kasa raba su, sai dai ka ƙirga su a haɗe.

Amma abin da madubi ke ba ka babu na'urar da ke bayarwa, shi ne tarihin kilinkar. Akwai lokacin da ƙarfin siminti na kwana 2 ya yi ta sauka a inda nake aiki, an duba XRF lafiya lau, Bogue bai motsa ba, kowa na nuna wa ɗan'uwansa yatsa, masu niƙa su ce masu tanderu ne, masu tanderu su ce jifsam ne. Da muka goge samfur muka leƙa sai ga belait a tattare gungu-gungu kamar sheƙar tsuntsu, can gefe kuma firi-laim shi ma a tattare. Wannan alama ce sananniya, gungun belait yana nuna akwai tsakuwar kwaz, wato ƙwayar yashi mai tauri, da ba ta niƙu ba, wadda ta wuce maikuron 45 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), gungun firi-laim kuma ɓarɓashin farar ƙasa ne da ya wuce wajen maikuron 125. Wato sinadaran sun cika amma ba su sadu da juna ba, garin da ake turawa tanderu ne ya yi gauri. Aka koma injin niƙan ɗanyen kaya aka samu matsalar a wajen tankaɗe. Haka in ka ga gefen alait ya zagwanye ƙananan belait sun yi masa kwalliya, kilinkar ta daɗe tana hucewa ne, domin alait ba ya son zama ƙasa da digiri 1250, rushewa yake ya koma belait da laim. In alait ya yi manya-manya fiye da kima an ƙona ta da yawa, za ta yi wuyar niƙa. Wani ɗan Japan, Yoshio Ono, har tsari ya yi na karanta yanayin wutar tanderu daga girman alait da girma da launin belait.

XRD da inda take yaudarar mutane

Ita XRD hasken eksire take harbawa kan garin, kowane kiristal yana da tsarin jerin atam ɗinsa, don haka yana mai da hasken a wasu kusurwoyi nasa na kansa, sai ka samu jadawali mai tsini-tsini. Wannan awo ne na gaskiya domin ma'adanin kansa take gani. Matsalar kilinka ita ce manyan tsinin alait da na belait suna hawa kan juna, musamman tsakanin kusurwar digiri 32 da 33 a jadawalin in bututun da ke fitar da hasken na jan ƙarfe ne, ga na aluminet a 33.2 manne da su, ferait ma yana kusa. Shekaru da yawa wannan ya hana a samu lamba mai kyau. Abin da ya kawo sauƙi shi ne hanyar Hugo Rietveld, ɗan ƙasar Holan, wanda ya fito da ita a 1967 da 1969, shi ma ba don siminti ya yi ba, a kan niutiron yake aiki. Maimakon a auna tsini ɗaya, kwamfuta ce ke zana jadawalin gaba ɗaya daga tsarin kiristal ɗin da ka ba ta, ta yi ta gyarawa har zanenta ya hau kan wanda aka auna, daga nan ta fitar da kason kowanne. Daga shekarun 1990 ta shiga masana'antar siminti, yau manyan kamfanoni da ita suke bin kilinka a kai a kai, akwai ma ƙa'idarta, ASTM C1365.

Saura ka ji inda gizo ke saƙa. Na farko, ba duk wanda ya ba ka takarda da kashi-kashi ne ya yi Rietveld ba. Lab da yawa manhajar ce kawai ke duba tsini ta zaɓo sunaye daga rumbunta ta yi ƙiyasi da tsayin tsini, shi ya sa za ka ga an ba ɗalibi sakamakon kilinka da sunayen duwatsun da ba su da abin yi a tanderu. Duba takardarka, in ka ga hatrurite alait ne, larnite belait ne, brownmillerite ferait ne, waɗannan sunayensu ne na masana duwatsu. Na biyu niƙa. Garin yana son ya yi laushi ƙasa da maikuron 10 ko kusa, in ya yi gauri tsinin ba sa tsayawa wuri ɗaya, in kuma aka niƙa shi da ƙarfi fiye da kima kiristal ɗin na lalacewa tsinin su baje. Na uku, alait yana da halin kwanciya ta fuska ɗaya in aka danna garin da gilashi daga sama, sai wasu tsininsa su yi tsawo fiye da gaskiya kwamfuta ta ƙara masa kaso, shi ya sa ake cusa garin ta bayan faranti. Na huɗu, alait ɗin kansa ba siffa ɗaya gare shi ba, a kilinkar kamfani yawanci M1 ne ko M3 ko haɗinsu, magniziya na jan shi zuwa M3 salfet na jan shi zuwa M1, ana gane su da siffar tsinin da ke wajen digiri 51 zuwa 52. In mai aikin ya sa siffar da ba ita ba, ragowar da bai dace ba kwamfuta sai ta jefa shi kan belait ko ta ƙwace daga gare shi. Aluminet ma haka, akwai mai siffar kubik akwai wanda alkali ya canza. Sannan Rietveld duk abin da ka lissafa mata shi take rabawa ya cika 100, in ka manta da ferikilas ko salfet ba za ta ce maka ka manta ba, rabonsu za ta ba wasu. Abin da ba kiristal ba kuma sam ba ta ganinsa sai an zuba wani abu sananne kamar korandam a auna da shi.

Masu aikin da gaske suna da dabaru biyu da nake so. Ɗaya a jiƙa garin a asid ɗin salisilik da methanol, ya narkar da alait da belait ya bar aluminet, ferait, ferikilas da salfet su fito fili. Ɗayan a dafa shi a ruwan KOH da sukari, shi kuma ya cinye aluminet da ferait ya bar silikat. Sannan akwai kilinkar gwaji da hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ke sayarwa iri-iri, waɗanda an riga an san abin da ke cikinsu, lab ɗin da ya auna su ya samu daidai shi ne za ka yarda da lambarsa.

Naka sakamakon

Akwai gwajin da za ka yi da biro da takarda yau ɗin nan, kyauta. Juya lambobin XRD ɗin su koma oksaid ka ga ko za su haɗu da XRF. Alait na kamfani yana da silika wajen kashi 25.2, belait wajen 31.5. Alait 67 zai ba ka 16.9, belait 11 zai ba ka 3.5, aluminet da ferait in sun kai kashi 18 a haɗe za su ƙara wajen 0.6 tunda su ma suna ɗauke da silika kaɗan, jimla 21.0. XRF ta ce 21.5. Kaga ba su yi nisa ba, rabin kashi ne, kuma in da belait ɗin 12 da rabi ne maimakon 11 da sun haɗu. Wato a ganina lambar XRD ɗinka mai yiwuwa ce ƙwarai, ta fi Bogue kusa da gaskiya, illa dai ina zargin an ɗan rage wa belait, wanda shi ne aka fi zalunta a XRD saboda alait na rufe shi. Yi irin wannan da laim da alumina da ƙarfe ma ka sa a tebur, wannan kaɗai babi ne mai kyau a furojet.

Abu biyu ne ke damuna. Na ɗaya sati ukun nan da garin ya yi a ajiye. In a leda ka ƙulle shi ka jefa a loka, musamman in da damina ne, firi-laim ya riga ya sha danshi ya koma Ca(OH)2, wani ma ya ja iska ya koma kalsait, kuma babban tsinin kalsait yana digiri 29.4 ne, daidai kan wani babban tsinin alait, don haka zai iya kumbura alait in ba a sa shi a lissafi ba. Duba jadawalin a wajen digiri 18, in akwai tsini a nan samfur ɗin ya sha ruwa. In sashenku na da tanderun lab, ƙona giram 1 a digiri 950 ka ga nawa ya ragu, sabuwar kilinka bai kamata ta yi asarar da ta kai kashi 1 ba. Ka kuma sani gwajin firi-laim na etilin gilaikol ba ya bambanta CaO da Ca(OH)2, duka yake kwasowa. Na biyu yadda aka ɗebo kilinkar. In yayanka ƙwallo uku ya tsinto masu kyau ya sa a aljihu, to sakamakonka na ƙwallo ukun nan ne ba na tanderun ba, domin manya da ƙanana da ƙurar ba abu ɗaya ke cikinsu ba, ko ƙwallo ɗaya ma cikinsa da bayansa sun bambanta. Ana ɗibar kilo ɗaya ko fiye ne, a farfasa duka, a gauraya, a yi ta rabawa huɗu ana ɗaukar biyu har a kai ɗan abin da ake so.

Iyakar abin da zan iya daga nan kenan, tunda lambobi ka turo min ba jadawalin ba, kuma hukuncin XRD a jadawali ake yinsa. Ka koma lab ɗin, ba don a sake ba, ka roƙe su abu uku: ainihin fayil ɗin awon, sunan hanyar da suka bi wajen fitar da kason, da hoton da ke nuna zanen kwamfuta a kan wanda aka auna tare da layin bambancin da ke ƙasa. In suka ba ka fayil ɗin akwai manhajar Profex, kyauta ce, kuma tana zuwa da tsarin ma'adanan siminti a ciki, za ka iya sake lissafin da kanka a laftof. Shi kuma Malam sufabaiza, kar ka je masa da "ba kuskure ba ne", ka kai masa teburin silikan nan ka ce Malam ga abin da na gwada ko za a duba min, ka rubuta lambar Bogue a ƙarƙashin suna "ƙiyasi daga oksaid", ta XRD kuma "awo", kowacce da hanyarta da ranar da aka yi ta.

In ka karɓo fayil ɗin turo min hoton daga digiri 28 zuwa 35, da na 51 zuwa 52, da wajen 18 ɗin nan, sai mu duba tare.